Darasi na Tara: Ina Talaka Yake Kai Kuka? Daga Babila Zuwa Ƙonni da Adar

Duk wanda ya taɓa zama da hantsi a ƙofar fadar Sarkin Ƙonni, ko ta Sarkin Adar a Illela, ya san irin mutanen da ke sallama. Ga wanda shanu suka faɗa wa gona tun ba a saki gonaki ba. Ga matar da mijinta ya tafi biɗa, shekara uku ba aike ba saƙo. Ga wa da ƙane da iyakar gonar gado ta shiga tsakaninsu. Kowa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce "Ranka ya daɗe", sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wannan zama ya girmi motar da ta kawo su, ya girmi katin ɗan ƙasa da ke aljihunsu, ya girmi Jamhuriyar Nijar kanta. Abin da ya tara su kuwa ya fi komai tsufa: in an cuci mai rauni, wa zai kai wa kuka, wa kuma zai saurare shi?

An saba auna daulolin dā da tsawon ganuwarsu da yawan dawakinsu. Mu a wannan darasi da tiyar talaka za mu auna su, mu auna namu na gida, mu kuma auna zamanin da muke ciki.

Dokar da aka sassaƙa a dutse

A ƙasar da yau ake kira Iraƙi, a bakin kogin Furatu, an yi wani birni mai suna Babila. Wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkinsa Hammurabi ya sa aka sassaƙa dokokinsa a jikin wani baƙin dutse da ya ɗara mutum tsawo. An tono dutsen a 1901, yanzu yana gidan tarihi a birnin Paris. Dokoki 282 aka ƙirga a jikinsa, kuma wanda ya ji wasu daga ciki zai ɗauka a kwarin Magiya aka tsara su. Akwai hukuncin wanda ya yi sake da madatsar ruwansa har ta ɓalle ta cinye shukar maƙwabci. Akwai na makiyayin da ya kora tumaki gonar wani ba da yardar mai gona ba. Akwai ladan ɗan ƙodago, akwai kuɗin hayar san huɗa. Rigimar manomi da makiyayi ba a kanmu ta fara ba.

Sai dai dokar ba ta ɗauki mutane ɗaya ba. Kashi uku ta yi su: manya, talakawa, bayi. Wanda ya tsiyaye idon babban mutum, nasa idon za a tsiyaye. In na talaka ne, azurfa zai biya. In na bawa ne, rabin kuɗin bawan zai bayar, kuɗin kuma hannun ubangijin bawan za su shiga. Ido ɗaya ne, zafi ɗaya ne, farashi uku.

A ƙarshen rubutun, Hammurabi ya gayyaci duk wanda aka zalunta ya zo gaban dutsen ya ji abin da doka ta tanadar masa. Niyya ce mai kyau. Amma karatu a Babila sana'ar tsiraru ce, marubutan da suka yi shekaru suna koyon danna alamomi a kan ɗanyen yumɓu. Manomi zai iya wuni tsaye a gaban dutsen, haƙƙinsa na rubuce a gaban idonsa, bai san ta ina zai fara ba, sai ya nemi mai karanta masa, ya kuma yi fatan mai gaskiya ne. Ku riƙe wannan manomi a zuciya, don za mu sake gamuwa da shi.

A Masar ta Fir'auna ma haka abin yake. Suna da kalma mai nauyi, Ma'at, wadda ta haɗa gaskiya da daidaito da zaman kowane abu a muhallinsa, kuma tsare ta shi ne aikin sarki. To amma marubuci ne ke auna gona, shi ke yanka harajin hatsi, manomi nasa biya da fita aikin sarki.

Masu ɗaga hannu da masu ƙaura

Birnin Atina na ƙasar Girka ya gwada wata hanya wajen shekara ta 508 kafin Annabi Isa (AS). Maza ƴaƴan gari ne ke taruwa a fili, a yi muhawara, a ɗaga hannu, abin da ya rinjaya ya zama doka. Majalisarsu ta mutum 500 ma da ƙuri'ar sa'a ake cika ta, don kada mai dukiya ya saye kujera. Daga harshensu kalmar dimokuraɗiyya ta fito. Amma mata ba su da baki a wannan fili, baƙi ba su da shi, bayi kuwa, waɗanda guminsu ne ya ba ƴaƴan gari sukunin zaman muhawara, ba a ma sa su a lissafi.

Manyan masu tunaninsu ba su tsira daga wannan ba. Aflatun ya ga gari nagari shi ne wanda aka kasa uku, masu hikima su yi mulki, jarumai su yi tsaro, sauran su yi noma da sana'a, kowa ya tsaya inda yake. Ɗalibinsa Aristo ya tafi har ga cewa wasu mutane bayi ne tun a halittarsu. Wannan kuskure ne babba, kuma bai kamata girman sunan mai shi ya hana mu faɗa ba. Mutum ya buɗe ido ya tarar da abu a gidansu, sai ya ɗauka haka Allah ya halicce shi. Irin wannan magana ce muke ji har gobe a zaurukanmu in an ce, "Ai su jininsu ne haka."

Talakawan birnin Rum su wata dabara suka yi. A shekara ta 494 kafin Annabi Isa (AS), da bashi da danniyar manyan gida suka ishe su, sai suka fice daga gari gaba ɗaya, suka yada zango a kan wani tudu, suka ce ba su ba fita yaƙi. Dole manya suka sauko, aka ba talakawa wakilai masu ikon taka wa mahukunta birki. Bayan shekara arba'in da ƴan kai suka sake matsawa sai da aka rubuta dokoki a alluna 12 aka kafa a tsakiyar kasuwa, don kada alƙali ya riƙa zaro hukunci daga cikinsa. Kakanninmu sun san makamin farko sarai. In sarki ya matsa, sai a ɗaure kaya da dare, gari ya waye unguwa ta zama kufai, mutane sun koma ƙasar wani sarki. Sarkin da ya rasa mutane kuwa, rawani kawai ya rage masa.

Masu ƙasa da masu sarauta

Mu dawo gida. Tsoffin mazauna Adar da ƙasar Ƙonni su ne Azna. Zamansu na dangi ne, kowane gida da gadonsa: waɗannan noma, waɗancan farauta, wasu ƙira. Dattijan gidaje ke yanke magana, su ke sanin lokacin shuka da lokacin shiga daji. Har yanzu a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, ana taron arwa da buɗin daji kowace shekara. Ba sai mutum ya bi aƙidarsu ba kafin ya gane tunanin da ke ƙarƙashi, wato ƙasa ba kayan mutum ɗaya ba ce, daji kuma yana da lokacin shiga da lokacin bari.

Sarauta daga baya ta zo ta hau kan wannan tsari. Adar ta yi zama ƙarƙashin Kabi, har zuwa 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ƙwace ta da yaƙi. Agabba ya yi sarautar Agadas, da aka tuɓe shi a 1721 sai ya dawo ya kafa gidan sarauta a Birnin Adar, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Ƙonni ita ma da nata gidan sarauta, ta ga zamanin Kabi, ta ga na Gobir, ta ga na Sakkwato.

Kada mu ɗauka sarkin dā yana yin abin da ya ga dama ba mai tanka masa. A Gobir akwai Taran Gobir, manyan da ke zaɓen sarki, akwai kuma Inna, mace mai faɗa a ji a fada. A Adar, shugabannin Lisawan, Abzinawan da suka rako Agabba, suna da ta cewa kan wanda zai hau gado. Azna na nan a matsayin masu ƙasa, sarki na mulkin mutane amma bai isa ya share su a sha'anin ƙasa ba. Malami na iya yi masa wa'azi. Ko maroƙi, da ake gani a ƙasa, yana riƙe da zambo, babu kuwa basaraken da ba ya shakkar a sa shi a waƙa. Sai dai duk waɗannan linzamai a hannun manya suke. Talaka ba ya cikin masu zaɓe.

Jama'a kuwa hawa-hawa take. Masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai talakawa manoma da makiyaya. Masu sana'ar gado, maƙera da mahauta da wanzamai da masaƙa da dukawa da makaɗa, kowane rukuni da sarkinsa, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aski, shi ke sasanta su, shi ke tsaya musu a fada. Wannan tsari yana da amfaninsa. Yaro na tashi da sana'a a hannu, ɗan gado ya san sirrin da ɗan haye bai sani ba, kuma ba a noma sai da maƙeri. Manomi ma yana da tsaninsa: wanda ya tara dami dubu ya yi bukin dubu, sai a kira shi Sarkin Noma. Amma tsarin yana da katanga, kuma an fi cin karo da ita wajen neman aure. A can ƙasa kuma akwai bayi, waɗanda ake kamowa a yaƙi ko a saya a kasuwa. Bawan sarki na iya samun doki da iko har ƴaƴa su durƙusa masa, amma baiwar da ke daka da ɗiban ruwa ba ta da ko ikon ƴaƴan da ta haifa.

Abin lura shi ne Bahaushe ma'auni biyu yake riƙe da su, kuma ba kullum suke jituwa ba. Ɗaya na asali, shi ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗaya na hali, shi ne ma'aunin mutumin kirki: gaskiya, amana, haƙuri, kunya, karamci, sanin mutuncin mutane. Shi wannan na biyu bai san gado ba. Ana cewa bawa mutumin kirki ne, a kuma rage murya a ce basarake ba shi da kirki. A ganina nan ne zurfin tunanin kakanninmu yake, don da bakinsu suka ajiye sandar da za a auna tsarin da su kansu suke ciki.

Malamin da aka haifa a Marata

A 1754 aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Marata, kusa da Galmi. Kakanninsa Torankawa sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni kafin gidansu ya koma Degel. Wanda ke son sanin abin da ke ci wa talakan wancan zamani tuwo a ƙwarya, ya dubi littafinsa Kitabul Farƙi. Da Larabci ya rubuta shi, amma da ya zo kan abubuwan da yake suka sai ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari ƙara, da kamuwa, wato ƙwace dabbar talaka don ɗaukar kayan sarki. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam kan yadda mulki ya kamata ya gudana. Ginshiƙin maganarsu shi ne akwai doka a rubuce da ta fi ƙarfin sarki, kuma alƙali ba yaron fada ba ne. Ƴar Shehu, Nana Asma'u, ta ɗauki wani ɓangaren aikin, ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata cikin harshen da suke ji.

Yaƙin jihadin Shehu da ya ɓarke a 1804 ya taɓa Ƙonni tun a watanninsa na farko, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Daular Sakkwato ta yaɗa karatu da kotunan alƙalai. Gaskiya kuma ita ce bauta ba ta ƙare ba, gandayen manya da bayi aka ci gaba da noma su, kuma wasu harajin da aka soka sun dawo. Shi kansa Abdullahi tun da wuri ya nuna ɓacin ransa kan yadda son duniya ya shiga jama'ar.

Ranar da ba wurin kai kuka

A watan Mayu na 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta iso Birnin Ƙonni bayan ta ƙone Lugu, garin Sarauniya Mangu. Ta fasa garin, ta yi kisan da har yau ake lissafa shi cikin mafi muni a tarihin mamayar Faransa. A ranar ba Tara, ba alƙali, ba zambo. Waɗanda suka yi wannan ɓarna daga ƙasar da ke alfahari da dokar ƴancin ɗan Adam suka fito. Rubutacciyar doka ba ta tsare wanda masu ita ba su ɗauke shi mutum ba.

Mulkin da ya biyo baya ya mai da sarakuna masu karɓar lanho da tara mutanen aikin tilas. Kumandan na iya kulle mutum kwana 15 ba tare da shari'a ba. Mutanen bakin iyaka sai suka koma ga tsohon makami, suna tsallakawa ƙasar Sakkwato in wuya ta yi wuya. Sai a 1946 aka soke aikin tilas da wannan hukunci na kumandan.

Yau

Tun samun ƴancin kai a 1960, doka ta ce ƴan ƙasa duka ɗaya ne, ido ba shi da farashi uku. Ƙofofin kai kuka sun yawaita. Sarki da mai gari na nan da ikon sulhu kan gona da gado da aure. In sulhu ya ƙi, akwai jandarma da kotu. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye da ake kira COFO, inda manomi zai iya samun takardar shaidar gonarsa. A 2004 aka zaɓi kansiloli da magadan gari a faɗin ƙasa, a 2024 kuma hukumomin soja suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Sarki goma, zamani goma.

Tsanin ma ya sauya. Ɗan maƙeri na zama likita, ɗan talaka na zama alƙali. Kamfanin siminti na Malbaza, da ke aiki tun shekarun 1960, ya fito da masu cin albashi. Albasar Galmi da kasuwar dabbobi ta Badagishiri da cinikin bakin iyaka sun yi attajiran da ba su gaji ko akuya ba. Amma sabon hawa-hawa ya fito, na mai kuɗi da marar shi, na mai takarda da marar ita. Tsohon kuma bai mutu ba, yana nan kwance, sai an kawo goron neman aure ya ɗaga kai a ce a binciki asali.

Wani lokaci ma ya wuce maganar aure. A 1996, aka sayar da wata yarinya ƴar shekara 12, Hadijatu Mani, kan sefa 240,000, wato jaka 240, ga wani mutum a ƙasar Ƙonni, a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata. Shekara tara tana bauta. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta sa bautar da mutum ya zama laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, a 2005 kuma mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba inda za ta, ai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ba ta gaskiya, ta gaba ta warware hukuncin. Da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria da lauyoyi, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin.

Baiwar Babila ba ta da wannan ƙofa, ta Atina ba ta da ita, ta Birnin Adar ma haka. Amma ku duba tsawon hanyar: dokar na rubuce tun 2003, sai da aka sami waɗanda suka san abin da ke cikinta, suka iya rubuta ƙara, suka san kotun da ke gaba da wadda ta ƙi. Manomin nan da muka baro tsaye gaban dutsen Hammurabi yana nan a cikinmu. Shi ne ake miƙo wa takardar cinikin gona ko ta bashin taki, ya dangwala yatsa bai san abin da ya amince da shi ba.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida uku ku tattauna: a garinku, in gona ta haɗa mutum da wanda ya fi shi ƙarfi, wace ƙofa yake fara bugawa, kuma me ke hana wasu zuwa ta gaba? A bar mata su fara magana.

Kowa ya rubuta sunayen sarautun sana'a biyar da ya sani a garinsu, ya sa alama a gaban waɗanda har yanzu ake naɗawa.

Kafin zama na gaba, ku sami dattijo ko dattijuwa ku tambaye su abin da suka ji daga iyayensu game da lanho da aikin tilas, ku rubuto jimla uku daga abin da suka faɗa. Wanda kuma yake da wata takarda a gida da ya taɓa dangwala wa yatsa, ta gona ce ko ta aure ko ta bashi, ya zo da ita in ya yarda, mu karanta ta tare layi-layi.